Tabawa Mai Kaɗi da Akwatin Rabo

Ni ce Furera, kuma Tabawa taubashiyata ce. Ubana da uwarta ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta babu mai kai ni ƙara wurin maigari. Mutanen Tama suna ce mata Tabawa mai kaɗi. Ni kuwa tun muna yara Taurin Kai nake kiranta, har yau ban ga dalilin canza mata suna ba. Gajeriya ce, baƙa, ga ƙananan hannuwa, kyau kuwa na fi ta, kowa ya sani. Amma in ta shafa alli a yatsu ta murza mazari, to, nan kam sai in ja bakina in yi shiru, don zaren da ke fita daga hannunta ko uwarta da ta koya mata ba ta iya irinsa ba.

Abin da ya kamata ku sani tun farko shi ne Tabawa ta tsani akwatin kwano. Muna ƙanana, ko ɗaurin zane ba mu iya da kyau ba, ubanta ya ɗora irin wannan akwati a ka bayan girbin hatsi, ya ce za shi Kurmi, ƙasashen bakin teku, cin rani, zai dawo kafin ruwan shuka. Mun raka shi har bakin gari muna tsalle. Ruwan shuka ya sauka, aka yi noma, aka yi girbi, shiru. Wani ya ce ya gan shi Kumasi, wani ya ce a'a, Abijan ne, wani ya ce ciwo ya kama shi a hanya. Har yau babu wanda ya san inda kabarinsa yake. Da mazari uwarta ta ciyar da su, ita kuwa Tabawa ta girma da abin a ranta. Da samari suka fara zuwa zance sai ta zaɓi Rabo masaƙi, mutum mai sanyin magana da dogayen ƙafafu kamar na zalɓe. Na yi mata dariya har na gaji. Ta ce in yi ta yi, ita dai masaƙi take so, don masaƙi zaune yake wuni, daga ƙofar gida ana hango shi.

A lokacin kuwa saƙa sana'a ce mai riƙe gida. Maza suna noma auduga a fadamar Majiya. In mai gona ya gama tsinkar tasa, abin da ya rage a jikin kara na mata ne, shi ake kira kala, kuma tun kakanni babu mai gonar da ke hana ta. Mu tsinto, mu gurje mu fid da angurya, mu shiɓe da baka, mu kaɗa. Zaren kuma ya tafi gindin babban gawon da ke gabas da masallaci, inda masaƙa ke jeruwa da rani, kowa da dogon zarensa a miƙe, ƙoshiya na kai da kawo. Tun daga gona har zanen da ke jikinki, babu aikin da ke barin Tama.

Bayan babban farin nan na farkon shekarun saba'in sai aka matsa dokar auduga a wajenmu. Kamfani ke ba manoma iri da maganin feshi, shi kaɗai kuma ke saye. Duk audugar da aka samu a gida ko a hanya bayan an rufe kasuwar awo, an ɗauke ta ta ɓoye ce, gardi, dogarawan gwamnati, su kwashe. Sannan da an gama tsinka a tuge kara a ƙone, don kada tsutsa ta yi rani a ciki ta cinye ta baɗi. Auduga ta hau kamyo, babbar motar kaya, ta tafi, can wata ƙasa wasu su kaɗa ta da inji, wasu su saƙa, ta dawo mana yadi a kantin Alhaji Gajere.

Mutum biyu ne suka ishe mu da gardama a kan wannan doka, kuma gindin gawon nan suke yinta, kan hanyarmu ta rijiya, ko ba ki so sai kin ji. Ɗaya Halidu ne, malamin gona da gwamnati ta turo mana, saurayi ɗan lakwal, wato ɗan boko, siriri, mai wata mobilet, 'yar ƙaramar babur, da sai ta yi tari kafin ta tashi. Ɗayan shi ne Alhaji Gajere, mai kantin yadi da atamfa, mai kuma kamyon da ke kai albasa da 'yan cin rani Abijan. Halidu ya ce in babu hannun gwamnati 'yan kasuwa za su saye audugar talaka a wulaƙance lokacin da yake cikin matsi, amma yanzu farashi ɗaya ne ga mai ƙarfi da marar ƙarfi. Alhaji ya ce mutum ya zub da gumi a gonarsa, a bar shi ya kai abinsa inda ya ga dama, ko tsallaken iyaka ne, kasuwa ta san abin da take yi. Halidu ya ce to wa zai ba da maganin feshi? Alhaji ya ce wa ya roƙe ku? Haka kullum, ba gajiya. Ni dai a ganina kowannensu yana da rabin gaskiya da bakin mutum uku. Tabawa ba ta tanka musu. Sau ɗaya kawai, muna wucewa da tuluna, ta ce mini a hankali su biyun duk maganar wanda zai ɗauki audugar suke yi, babu wanda ya tambayi wa zai kaɗa ta.

Da rani ya zo muka tafi kala yadda muka saba, don a tunaninmu doka ba ta shafi abin da mai gona ya bari ba. Muna dawowa gardi biyu suka tare mu a gangaren gari, suka juye kwandunanmu cikin buhu. Na zage su tas, ban rage komai ba, har ɗayan ya ce zai kai ni Buza a rufe ni. Tabawa ta tsaya da kwandonta wayam. Daga nan zare ya yanke. Masaƙa suka fara naɗe kayansu ɗaya bayan ɗaya suna hawa kamyon Alhaji, har gindin gawo ya rage Rabo kaɗai, shi ma yawanci zaune yake yana gyara abin da bai lalace ba.

Bayan girbin da ya biyo, wata ranar kasuwar Madawa, sai ga shi da akwatin kwano, kore, da zanen jan fure a murfinsa. Ina gidan lokacin da ya shigo da shi. Wallahi na ga fuskar Tabawa ta canza, ludayin da ke hannunta ya faɗa cikin ƙwarya. Rabo ya shiga bayani da wannan sanyin muryar tasa, cewa ba shi da zare, ga yara, rumbu ba zai kai su damina ba, abokan sana'arsa duk sun tafi. Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani.

"Malam," ta ce, "ka ba ni ranin ga guda. In ban kawo maka zare ba, ni da kaina za ni kai maka akwatin ga tasha."

Ya dube ta, ya dubi akwatin, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Da muka fito na tambaye ta ina za ta samo zare, ko sata za ta fara da girmanta? Ta ce in rufe baki in buɗe ido. Abin da ta lura da shi kuwa kowa na ganinsa, babu dai wanda ya kula. Mazan ƙasarmu ta Adar, da an biya su kuɗin auduga ba su ƙara zama, sai Kurmi. Wa zai tsaya tugar kara? Gonaki suka tsaya cike da shi, tsofaffin da suka rage ba su iyawa, tsutsa ta samu gidan rani, Halidu kuwa manyansa na ta yi masa faɗa. Mun sha ganinsa shi kaɗai cikin fadama da rana tsaka, ya tuɓe riga yana tugar kara, hannun nan na ɗan lakwal duk ya kumbura. Ni dariya yake ba ni. Ita tausayi ya ba ta, ta kuma hango mafita.

Ta dama fura, ta ja ni muka same shi a gonar. Sai da ya sha ya huta sannan ta yi magana.

"Ɗana, karan ga ya hi ƙarhinka. Mazan sun tahi, mu muna nan. Ka bar mu mu yi kalarmu, mu kuma mu tuge maka shi duka mu ƙone, ko guda ba ka gani tsaye."

Halidu ya ce ai Inna ba zai yiwu ba, in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai ɓoye farar audugarsa ya ce kala ce, ya kai ta tsallake. Tabawa ta miƙa hannu ta tsinko wata daga karan da ke kusa, ta buɗe masa tafinta. Audugar ƙarshe ce, wadda ta buɗe a makare, ta yi rawaya-rawaya, ga tabon ƙwari, ga guntayen ganye. Ta tambaye shi ko mai awo na karɓar irin wannan. Ya ce a'a, mayar da ita yake yi. Ta ce to ita muke so, duk macen da aka kama da fara tas a kwandonta a kwashe har kwandon.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunta. Ya ce ba shi ke da iko ba, amma zai je Buza ya faɗa. Ban san abin da ya gaya musu ba, na dai san ya yi ta zirga-zirga da mobilet ɗin nan mai tari, kuma Allah ya saka wa yaron nan da alheri, ya dawo da izini. Aka tara mutane ƙofar maigari aka faɗa a gaban kowa. Alhaji Gajere ya ce wannan ai rabin 'yanci ne. Tabawa ta ce rabin ya ishe ta ta fara.

Ranar gayyar ba zan manta da ita ba. Mata tun daga masu goyo har tsofaffi masu dogara sanda suka sauka fadama, makaɗi na gaba da gangarsa. Sahun gaba na tsinka, na baya na tuge kara, 'yan mata na tarawa, ni kuwa wuta aka ba ni, wai halina ya dace da ita. Muka bi gona bayan gona, hayaƙi ya tashi har mutanen ƙauyukan tudu suka aiko tambaya ko gobara ce. Tokar ma ba mu bar ta ba, mun kwashe ta don miya da sabulu. Halidu ya tsaya a bakin fadama yana kallonta fes, bakinsa ya ƙi rufuwa. Da damina ta zo tsutsa ta yi sauƙi, mazan da suka dawo daga Kurmi suka ce addu'arsu ce aka karɓa.

Zare ya samu, sai dai ba fari ba. Rabo ya juya shi a hannu ya ce babu mai sayen rigar salla ko likkafani mai wannan launi. Tabawa ta ce wa ya yi masa maganar riga? Majanyi zai saƙa, wanda mace ke ɗaure goyo da shi a kan zane, mai faɗi, da kakkauran zare a ciki don ya kama jiki. Ta ce jariri ba ruwansa da fari, ko an ba shi fari shi zai rina shi da kansa. A wajenmu kuwa al'ada ce uwa ta kai wa ɗiyarta majanyi in ta yi haihuwar fari, don haka kowace kasuwa, Tama ko Buza ko Bangi, ba a rasa mai saye. Ƙoshiya ta koma kai da kawo a gindin gawo. Koren akwatin nan ya zama ma'ajin zare.

Shekarun da suka biyo baya su ne na jin daɗi. Ba arziki suka yi ba, amma tukunya ba ta kwana a kife ba. Kowane rani makaɗi ya buga mu sauka fadama, kowace hantsi zauren Tabawa cike da 'yan mata masu koyon kaɗi, tana bugun hannun duk wadda ta yi zare mai ƙulli. Ni ma ta so ta gyara mini nawa, na ce ta bar ni da halina, zarena na ɗaure akuya ne, kuma akuya ba ta taɓa kawo ƙara ba. Tana kaɗi tana ɗaga kai lokaci lokaci ta dubi gindin gawo, in ta ga farar hular Rabo sai ta mai da ido kan mazari. Na lura da wannan tun tuni, ban dai taɓa yi mata tsiya a kansa ba.

Da a nan labarin ya tsaya da na ji daɗi, amma bai tsaya ba. Shekarar tamanin da huɗu ruwa ya ƙi, hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. A 'yan shekarun nan kuma ra'ayin gwamnati ya juya, rediyo ya shiga maganar sakin kasuwa, aka sassauta doka, gardi suka bar tare hanya, aka mayar da Halidu wani gari. Alhaji Gajere ya yi ta yawo baki har kunne, yana cewa ga abin da ya daɗe yana faɗa. Ya cika kanti da yadi mai sheƙi da gwanjo, araha kamar banza. Macen da ke da yunwa a gida ba ta tsayawa zaɓen majanyi, sai ta yanki ƙyallen yadi ta ɗaure ɗanta. Kayan Rabo suka taru a ɗaki, babu mai tayawa. A da zare ne babu, yanzu ga zare ga saƙa, mai saye ne babu.

Wata safiya na shiga gidan na tarar Rabo ya jawo akwatin, ya juye zaren a tabarma, yana goge murfin da tsumma. Furfura ta riga ta cika masa gemu. Rumbunsu kuwa na leƙa da idona, ƙasa ake gani. Ya ce wannan karon kada ta roƙe shi, ba zai zauna yana kallon yara suna lasar ƙwarya ba. Tabawa ta duƙa tana tattara zaren da ya juye. Tsoro ya kama ni, don na san in mutumin nan ya tafi da waɗannan shekaru da wannan sanyin jiki, Kurmi ba za ta dawo mana da shi ba.

A lokacin ana ta labarin wani aikin poroje, wato aikin agaji, a duwatsun ƙasar Keita, inda mata ke ɗaukar duwatsu ana jera su a gangare don tare ruwa, ana biyansu da abinci. Washegari Rabo na masallaci, Tabawa ta kwashe majanyan da suka ƙi sayuwa ta danna cikin akwatin, ta ɗora a ka, ta bar wa babbar ɗiyarta ƙannenta, ta biyo ta gidana ta ce in taso. Muka yi kiciɓis da shi a ƙofar masallaci, ya tambaye ta ina za ta da akwatinsa.

"In tahiya ta zama dole, ni za ni tahi, Malam," ta ce. "Ni ina komowa. Ka jira ni."

Ba shi da wani abin zuba kaya, kuma kunya ba za ta bar shi ya ƙwace akwati daga kan matarsa a gaban liman ba. Haka muka bar shi tsaye da carbi a hannu. Na ce mata ke dai ba ki da ta ido, ta ce in ɗaga ƙafa rana na yi. Akwatin take so ta raba Rabo da shi, majanyan kuwa ba ta sa ran sayar da su ba, cewa ta yi ma yi shimfiɗa da gammo da su.

Aikin dutsen nan, ku bar shi kawai. Mata ne ba iyaka daga ƙauyuka ko'ina, kowace da dutse a ka tana hawan gangare, rabinsu da goyo. Nan ne yadin kanti ya nuna halinsa. Santsi gare shi, da gumi ya jiƙa shi sai ƙulli ya saki, yaro ya zame zuwa ƙugu. Sai ki ga mace hannu ɗaya a dutse, ɗaya a gindin yaro, tana tafe tana tsayawa tana gyara. Akwai wata yarinya Binta, haihuwar fari, uwarta ta rasu, babu wanda ya kai mata majanyi. Muna bayanta a sahu ɗanta ya zame har kansa ya yi baya, ta saki dutsen don ta tare shi, dutsen ya gangaro ya wuce gefen ƙafata. Na buɗe baki zan yi abin da na saba, sai na ga yarinyar tana kuka.

Tabawa ta sauke nata dutsen, ta warware gammonta, wanda dama majanyi ne ta naɗe, ta ce Binta ta duƙa. Ta gyara yaron, ta ɗaure shi yadda uwa ke ɗaure wa ɗiyarta, ta ja ƙullin, ta ce ta miƙe ta yi tsalle. Binta ta yi tsalle tana dariya cikin hawaye, yaro ko motsi bai yi ba. Wunin ranar da hannu biyu ta yi aiki. Da yamma ta kawo shi za ta mayar, Tabawa ta ce ta riƙe, ta ɗauka uwarta ce ta aiko mata.

Washegari kafin a fara aiki mata sun kewaye akwatin. Kuɗi babu, amma akwai abincin aiki. Wannan ta kawo kwanon dawa, waccan ɗan mai, wata ta ce a jira ta ranar rabo. Tabawa ba ta tsawwala ba, ba ta kuma yi kyauta ba sai ga irin su Binta. Akwatin ya koma wayam, muka cika shi da dawa, muka ƙara da buhu, muka samu mai jakin da za shi Tama. Saƙon da ta ba shi ba shi da tsawo, a gaya wa Malam ya zauna ya yi saƙa, mata na jira.

Daga nan abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wuraren aikin dutse na ƙaruwa, duk macen da ta ga majanyin Tama a bayan wata sai ta tambaya. Muka koma gida, zaren da ke ajiye ya ƙare. A nan kam sakin kasuwa ya yi mana rana, ba zan ɓoye ba, don Tabawa ta sayi auduga a fili duk inda ta samu, fara da rawaya, ba gardi ba tsoro, ta raba wa matan gari suka kaɗa. Amma da aka bar tilasta ƙona kara tsutsa ta dawo ta yi ɓarna, sai ita da kanta ta sa makaɗi ya buga, muka koma gayyarmu ba da umarnin kowa ba. Ta ce dokar yaron nan Halidu tana da amfani, ko babu shi za mu riƙe ta.

Alhaji Gajere hancinsa na jin ƙanshin ciniki daga nesa. Ya zo har gida da sallama da goro, ya ce Rabo shi kaɗai ba zai iya ba, a ba shi zaren, shi Alhaji, ya kai wani gari tsallaken iyaka inda masaƙa suka yi yawa kuma ladansu kaɗan ne, a saƙo da yawa, kowa ya samu. Na ga Rabo ya fara gyaɗa kai. Tabawa ta ajiye mazari.

"Alhaji, audugarmu ta tahi, mazanmu sunka bi ta. Zaren ga ba shi zuwa ko'ina. In masaƙa kake so, ka san inda namu suke, kai ka kai su. Ka gaya musu akwai zare gida."

Ya kawo dalili ya ƙara dalili, ta ce duk ta ji, amma mai son majanyi ya same shi gindin gawo. Alhaji ɗan kasuwa ne, fushinsa ba ya kai shi ga asara. Shi ya kai saƙon, kuma kafin shekara ta zagayo masaƙa biyu sun dawo daga Abijan, ɗaya ma ƙanen mijina ne da muka riga muka fid da rai da shi. Daga baya wasu suka ƙaru. Ba duka suka dawo ba, kada in yi muku ƙarya, mafi yawa suna can har yanzu. Amma gindin gawo ya sake cika da ƙarar ƙoshiya. Halidu ma ya taɓa biyowa ziyara, ya yi ƙiba, ko zama bai gama yi ba suka ɗora gardamarsu da Alhaji daga inda suka tsaya. Wannan ya ce ba don doka ba da babu majanyin Tama, wancan ya ce ba don kasuwa ba da babu shi. Tabawa ta aika musu da fura ta ce su jiƙa maƙoshi su ci gaba.

Waɗanda suka dawo su suka kawo labarin cewa 'yan matan Adar da ke zaune Abijan da mazansu suna haihuwa can, babu mai kai musu majanyi. Iyayensu mata suka yi ta zuwa wurin Tabawa, kowace na so a aika wa ɗiyarta. Aka tara kaya, aka rasa abin zubawa da ruwa ba zai taɓa ba a doguwar hanya, sai koren akwatin nan, wanda furensa duk ya goge.

Bayan girbin tamanin da takwas ne, shekarar da hatsi ya yi kyau har rumbuna suka kasa ɗauka. Ranar da kamyon Alhaji zai tashi Rabo ya ce shi zai kai kayan tasha. Ya ɗora a ka ya fita. Muna ƙofar gida ni da ita, tana kaɗi. Dogon mutum da akwatin kwano a ka, bayan girbi, ya nufi bakin gari, yara na binsa suna tsalle. Sai na ji mazari ya tsaya. Na waiga na ga ta miƙe, zaren ya tsinke a hannunta ba ta sani ba. Na ce mata ke, kaiwa kawai zai yi. Ta ce ta sani. Amma ba ta zauna ba, ta kama hannuna ta matse har na ji zafi, ni ma kuma sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Daga ƙofar gidan ana hango tasha. Muka ga ya miƙa akwatin sama, masu lodi suka karɓa suka ɗaure. Kamyo ya tashi da samari a kansa ya yi kudu. Rabo ya tsaya har ya ɓace, ya kakkaɓe hularsa ya mayar, ya juyo da wannan tafiyar tasa ta zalɓe. Ko ta gida bai biyo ba, gindin gawo ya wuce ya zauna, ba a jima ba muka ji ƙoshiya.

Tabawa ta saki hannuna, ta share ido da bakin zane, ta ɗauki mazarinta tana neman bakin zaren.

"Furera," ta ce, "yau dai na ga mutum ya kai akwati tasha ya komo."